Shafin Malama Siddiƙa

Wata bakwai Malam Sha'aban ya yi yana sane da abin da ya kamata ya yi, bai yi ba. Aikin kuwa bai kai tsawon alwala ba. Kalma ɗaya ce zai rubuta, ya danna, shi ke nan. Ya sha rubuta ta a zuciyarsa yana tafe zuwa masallaci, ya sha buɗe kwamfuta da niyyar yi, sannan ya rufe ya ce sai gobe. A tsawon watannin nan, duk wanda ya buɗe shafin intanet na Islamiyyar matan aure ta unguwarsu a Daura, ya nemi yayarsa Malama Siddiƙa, zai tarar tana raye, tana karantarwa daga Asabar zuwa Laraba bayan la'asar, ga lambar wayarta a ƙasa. Malama Siddiƙa kuwa tun watan Rajab aka kai ta makwancinta.

Shi ne ya gina shafin da hannunsa. Malamin lissafi ne a sakandare har ya yi ritaya, kuma sai da ya haura arba'in ya koyi aikin kwamfuta, ya koye shi da irin nacin mutumin da ba ya son yara su riga shi sanin abu. Da makarantar ta fara naɗar karatun malamai ana rarrabawa a waya, sai aka bukaci wurin da za a tara shi, shi kuma ya ce a bar masa. Abin ya karɓu fiye da zatonsa. Karatun Malama Siddiƙa musamman ya bi wayoyi ya kai Mai'adua, ya kai Kongolam, ya ƙetare iyaka. Ranar da aka saki sabon karatu, mutum ɗari biyu ko uku kan afka wa shafin a lokaci guda, sai 'yar na'urar da ke ɗauke da shi ta shaƙe, kowa ya yi ta kallon farin allo.

Maganin da ya yi wa wannan shi ne abin da 'yan sana'ar ke kira kash. Ya taɓa yi wa kwamitin makarantar bayaninsa da misalin da har yau yake ganin bai yi kuskure a cikinsa ba. Duk abin da shafin ke nunawa, in ji shi, yana ajiye a rumbun bayanai. To amma matar gida ba ta hawa rumbu duk lokacin da za ta ɗora tukunya. Takan ɗebo ta ajiye a ƙwarya kusa da murhu. Haka shi ma ya tsara: in aka nemi abu karo na farko, a je rumbu a ɗauko, a ajiye kwafinsa a kusa, a liƙa masa suna, duk wanda ya zo daga baya, daga ƙwarya za a ba shi. Kowane abu ya yanka masa wa'adi. Sanarwa awa ɗaya, jadawalin jarrabawa kwana ɗaya, in wa'adin ya cika a zubar a sake ɗebowa. Shafukan malamai ne kaɗai bai sa wa wa'adi ba, tunda sukan shekara ba a taɓa su ba. Sai ya tsara cewa duk ranar da aka gyara bayanin wani malami a rumbu, na'urar ta nemi kwafin da ke ɗauke da sunansa ta zubar.

A wannan zaman ne na kwamiti, shekara uku kafin rasuwarta, Malama Siddiƙa ta gyara zaman tabarau ɗinta, ta leƙa allon kwamfutar, ta ce, "Wace ce kuma Siddika?"

"Ke ce mana, Yaya."

"Ni? Ni Siddiƙa aka raɗa mini. Shekara biyu ina goyonka kana jiƙa mini zane, Sha'aban, yau ka girma ka yi boko, ka cire mini lanƙwasar sunana?"

Aka yi dariya. Liman ya yi, Saminu magatakardan makarantar ya yi, har wasu biyu da shi ya koya musu lissafi suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Shi ma ya yi murmushi. Kwamfutar da ya fara aikin da ita ba ta da haruffa masu lanƙwasa, kuma da ya faɗi haka, da maganar ta wuce. Bai faɗa ba. Da yammacin ranar ya zauna cikin fushi ya gyara sunan a rumbu, ya zubar da tsohon kwafin da hannunsa, ya ga ƙ ta bayyana a allo, ya rufe kwamfutar da ƙarfi. Bai tsaya ya gyara sunan da ake liƙa wa kwafin ba. Tun daga ranar, mai buɗe shafi ana miƙa masa abin da ke ajiye da sunan siddika, umarnin zubarwa kuma yana tafiya neman siddiƙa, ya rasa, ya dawo shiru. Ba wanda ya lura, domin babu abin da ya canja a shafinta.

Abin da ya canja a wani wurin ne. Tsakanin gidansa da nata tafiyar minti biyar ce, sai ta zame masa kamar zuwa Katsina a ƙasa. Ba gaba ya yi da ita ba, ko kusa. Da an tambaye shi zai rantse babu komai. Ranar Salla yakan tsaya a zaure ya ɗaga murya ya gaishe ta, ya ce ana jiransa. Takan aiko 'yarta Haulatu da dambun zogale, irin wanda yake so tun yana yaro, ya ci, ya ce a yi mata godiya. Da ciwo ya kwantar da ita ta aika masa sau uku. A na ukun ya ce wa Haulatu in Allah ya yarda ranar Juma'a yana nan tafe bayan an sauko. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi.

Kwana uku da rasuwar, Saminu ya shiga shafin ya yi abin da ya dace. Ya sa "Marigayiya" a gaban sunanta, ya cire jadawalin da lambar waya, ya rubuta addu'a. Ya duba a kwamfutar ofis ya ga komai daidai, domin wanda ya shiga da kalmar sirri kai tsaye daga rumbu ake ba shi. Amma wayar Malama, wadda ke hannun Haulatu, ba ta daina ƙara ba. Ba masu ta'aziyya kaɗai ba. Har da mata masu tambayar ko gobe akwai karatu, da maza masu neman a sa matansu a aji, da masu cewa a ba Malama su gaishe ta. Haulatu ta kai kuka wurin Saminu, Saminu ya juyo mata da allon ofis ta gani da idonta, sannan su biyun suka zo wurin Malam Sha'aban.

"Wayoyinsu ne," in ji shi. "Waya takan riƙe tsohon shafin da ta taɓa buɗewa. Da sannu zai wuce."

A ranar da ya faɗi haka, ya yi zaton gaskiya yake faɗa. Ranar kwana tara ce ya buɗe shafin a wayarsa ba tare da kalmar sirri ba, ya ga abin da duniya ke gani. Kafin shayin da ke gabansa ya huce ya gano inda matsalar take. Ya buɗe wurin share kwafi, ya ɗora yatsa, sai idonsa ya sauka a kan layin da ita ta faɗa da bakinta, shi ya rubuta: "Ƙofata a buɗe take. Wadda ta makara ta shigo, wadda ta manta karatun jiya ma ta shigo." Ya karanta sau biyu. Ya ce bari ya bari sai an yi sadakar arba'in.

Aka yi arba'in, aka yi azumi, aka yi Salla ƙarama da babba. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci yakan zauna a bakin gado ya buɗe shafin, ya duba, ya rufe. Wani lokaci yakan yi fatan na'urar ta mutu ta tashi, ta zubar da komai da kanta, ya huta ba da hannunsa ba. Amma ya san ba za a yi haka ba. Tun farko a faifan ajiya na na'urar ya sa ake rubuta kwafin, don kada ɗaukewar wuta ta shafe shi, kuma a lokacin har alfahari ya yi da dabarar. In ya haɗu da Haulatu a hanya ta ce, "Kawu, har yanzu fa ana kira," sai ya ce, "Za su daina," ya tambaye ta yara. Bai taɓa tambayarta me take ce musu ba.

Ranar wata Asabar cikin Safar, bayan la'asar, Haulatu ta kira shi.

"Kawu, kana gida? Don Allah ka zo gidan Inna yanzu."

"Lafiya?"

"Ka dai zo."

Haulatu ce ta gaji ajin mahaifiyarta, kuma a tsakar gidan take karantarwa, amma ranar ya tarar an sallami ɗalibai, tabarmi a shimfiɗe babu kowa. Ya tsaya a zaure ya yi sallama kamar yadda ya saba. Ta ce ya shigo ciki. Ya cire takalmi ya shiga, yana kallon ƙasa.

Wata dattijuwa ce zaune a gindin bango, mayafinta ya yi ƙurar hanya, idanunta sun yi ja. A gabanta akwai ƙullin dabino da kwalbar man shanu, ba wanda ya taɓa su.

"Kawu, wannan Baba Ikilima ce, daga Kongolam. Baba, ga ƙanen Malama. Shi ne mai shafin."

"Sannu, Malam. Ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi." Ta gyara mayafinta. "Ni wallahi ban ji ba. Da guɗa na shigo gidan nan. Na ce ina Malamar take, yau ga ɗalibarta ta ƙauye ta zo. Yarinyar nan ta miƙe a gaban mata ta rasa abin da za ta ce mini."

Ya durƙusa nesa kaɗan ya amsa gaisuwar. Ta ci gaba, kamar wadda ke son ta wanke kanta daga laifi. Shekara guda ke nan tana sauraron karatun Malama a wayar surukarta. Ta haura sittin ba ta iya tahiya daidai ba, tana jin kunyar tambaya, sai a muryar Malama ta koya, kalma kalma, tana tsinkar zogale tana maimaitawa. Burinta ta zo ta karanta a gabanta a gyara mata. Da ɗanta Yazid ya saya mata waya tata ta kanta, abin da ta fara sa a buɗe mata shi ne shafin. Aka karanta mata ranaku da lokaci. Ta hau mashin zuwa Mai'adua, ta shiga mota zuwa Daura.

"Ga shi nan ma," ta ce, ta miƙo wayar. "Asabar, bayan la'asar. Ko ni na iya haɗa baƙin, na yi yaƙi da jahilci."

Bai karɓa ba. Daga inda yake yana ganin layin.

"Kawu, yi mata bayani," in ji Haulatu. Tana tsaye, ta harɗe hannuwa. "Gaya mata wayarta ce ta riƙe tsohon shafi."

Haulatu ta juya ga baƙuwar.

"Baba, yaushe aka sayi wayar nan?"

"Yau kwana shida. Ledarta ma ban ɓare ba."

"Kwana shida. To Kawu, ni ban yi karatun kwamfuta ba, amma ka fahimtar da ni. Ta yaya waya za ta riƙe abin da ba ta taɓa gani ba?"

Ya daɗe yana tanadin amsoshi saboda irin wannan rana, kuma wasunsu ma suna da ƙamshin gaskiya. Ya zauna sosai a kan tabarmar, ya cire hularsa ya riƙe.

"Ba wayarta ba ce," ya ce. "Ba wayar kowa ba ce. Daga wurina ne."

Ya yi mata bayanin rumbu da ƙwarya, ya yi mata bayanin sunan da aka liƙa da k marar lanƙwasa, da umarnin da ke zuwa neman ƙ ya dawo hannu wofi. Yana magana yana jin muryarsa ta koma ta aji, tsaf, daki-daki, kuma ya ji ƙyamar hakan.

"Me kuke kiran abin?" in ji Haulatu.

"Kash."

"Kash," ta maimaita, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Lallai wanda ya raɗa sunan ya san aikinsa. To yanzu da ka gano, kwana nawa gyaran zai ɗauka?"

"Minti ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Yaushe ka gano?"

Nan ne ya so ya ce jiya. Baba Ikilima ba za ta sani ba, Haulatu ba za ta iya bincikawa ba, Saminu ma haka.

"Ranar kwana tara da rasuwarta."

Haulatu ta sauke hannuwanta. Ta dube shi, ta dubi baƙuwar, kamar tana son ta tabbatar wani ma ya ji. Sannan ta zauna a kan turmin da ke kife a gefe.

"Kawu, ka san abin da nake yi wata bakwai? Waya ta yi ƙara ina tuƙa tuwo, in ɗauka, mace ta ce, 'Salamu alaikum, Malama ce?' da murna a bakinta. In ce mata Malama ta rasu. Ta yi salati, ta fashe da kuka, ni in koma ba ta haƙuri. In ajiye, in wanke fuska, in koma kan tuwo. Jibi wata ta kira. Ranar Salla sau huɗu na faɗa. Na so in kashe layin, na kasa, duk dangin Inna na ƙetare wannan lambar suka sani. Ni kowa uwarsa sau ɗaya take mutuwa, tawa kuwa kusan kullum sai na sanar. Ina zuwa wurinka kana ce mini za su daina."

"Haka ne."

"Ba 'haka ne' nake so ba. Me ya sa?"

Ya juya hular a hannunsa. Ya ce, a hankali, yana kallon ɗinkinta, "Ta aika mini sau uku ban zo ba. Ke kika kawo aiken. A shafin nan kuwa har yanzu tana cewa wanda ya makara ya shigo. In na share, an rufe."

Ya ji yadda maganar ta fito, ya ji ƙanƙantarta. Dattijo mai furfura, ya bar 'yar 'yar'uwarsa tana ɗaukar wannan kaya wata bakwai, don shi ya samu abin dubawa da safe.

"'Wadda' ta ce, ba 'wanda' ba," in ji Haulatu. "Da ɗalibanta take. Kai naka saƙon daban ne, kuma ba a shafi yake ba. Ranar Laraba da daddare ta ce mini, 'In Sha'aban ya zo Juma'a, ki yi masa dambu, kada ki cika barkono, cikinsa ba ya so.' Shi ke nan abin da ta bari. Ban gaya maka ba, saboda haushinka nake ji. Yanzu ma ina ji."

Baba Ikilima ta yi gyaran murya. "Ni dai baƙuwa ce, bai kamata in sa baki ba. Amma Malam, akwai wasu mata biyu a garinmu da suka ce in na dawo da labari mai daɗi, su ma za su zo sati mai zuwa. Ɗaya ƙafarta ma ba lafiya."

"Ba za su zo a banza ba, Baba," in ji Haulatu, ta share ido da bakin hijabinta. "Aji yana nan. Ke ma ba za ki koma da tahiyarki a baki ba, ni zan saurara. Ba kamar Inna ba, amma ita ta koya mini." Ta juyo. "Kawu, sai ka koma gida ka ɗauko kwamfuta?"

"A'a. Waya ma ta isa."

Ya san in ya fita daga gidan nan, zai iya kai wa gobe. Ya ciro wayar daga aljihu, ya sa tabarau, ya shiga da kalmar sirri. Ya buɗe wurin share kwafi, akwatin ya tsaya fari yana jiran suna. Ya rubuta. Wayar, wadda ta daɗe da sanin sunan yayarsa, ta gyara masa da kanta ta mayar da shi Siddiƙa. Ya goge, ya sake bi harafi harafi, ya tilasta mata ta bar k a miƙe. Sannan ya danna.

Rubutu ya fito a ƙasa: an share ɗaya.

"Baba, ja shafin ƙasa da yatsa, ki saki."

Ta ja, ta saki. Allon ya yi fari, ya ɗan jima fiye da yadda ya saba, domin wannan karon sai da aka je rumbu. Ta kawo wayar kusa da idonta, ta fara haɗa baƙin da ƙarfi.

"Ma... ri... ga... yi... ya."

"Allah ya jiƙanta," in ji Haulatu.

"Amin," in ji Malam Sha'aban. Ya mayar da hularsa, ya matsa can ƙarshen tabarma don ya ba su wuri.